Melcom na Adum ko Kasuwar Kejetia?

Da yawa daga mutanen unguwannin Aboabo da Asawase suna goyon bayan zaman babban kantin Melcom a Adum, tsakiyar Kumasi, kuma ina ganin suna da hujja. Farashi a rubuce yake, ba ja-in-ja, ana ba da rasidi, in fanka ko firiji ya lalace akwai inda za ka koma. Matasa ma na samun aikin albashi.

Kejetia kuwa, ga ta nan kusa, tana yin abin da kanti ba ya yi. Hajiyar da ta san iyayenka za ta ba ka atamfa bashi zuwa ƙarshen wata, ta rage maka sidi biyar. Sai dai cunkoso, musamman gab da Sallah.