Gidanka a Kaduna: ka sayar yanzu ko ka dakata?

Idan dillali ya zo maka da tayin da ya ninka abin da ka kashe wajen gina gidanka, kada yawan kuɗin ya ruɗe ka. Kafin ka ce ka sallama, je wurin masu sayar da kayan gini ka ji farashin siminti da rodi da kwano, ka tambayi birkila nawa yake aza bulo yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, komai ya sauya. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Sau da yawa ba gidan ne ya ƙara daraja ba, nairar ce ta faɗi.

Saboda haka ni a ganina abin dubawa na farko shi ne inda kuɗin za su tafi. Wanda zai sayar da gida a Malali ko Unguwar Rimi ya sayi biyu a Rigachikun ko Millennium City, ya zauna a ɗaya ya sa haya a ɗaya, kuma ya riga ya ga gidajen da idonsa an yi ciniki, wannan ya sayar, babu laifi. Haka wanda bashi ya shaƙe shi, ko rashin lafiya ta taso a gida. Amma wanda zai karɓi kuɗi ya zuba a banki yana cewa zai duba abin yi, ina roƙonsa ya dakata. Kuɗi a hannu ba sa zama. 'Yan uwa za su ji labari, biki zai taso, farashin fuloti zai wuce shi yana kallo. Ga kuma zakka: gidan da kake zaune a ciki ba a fitar masa, amma tsabar kuɗin da suka kai nisabi suka shekara sai ka cire kashi 2.5 cikin 100. Hakki ne, sai dai a sa shi a lissafi.

To, jiran ma ba kyauta ba ne. Gidan da aka rufe babu kowa ya fi wanda ake zaune a ciki saurin lalacewa. Damina ɗaya ta isa rufi ya fara yoyo, gara ta ci katako, ɓarayi su kwashe wayar wuta da tagogi. Idan za ka jira, sa ɗan haya na kirki, da yarjejeniya a rubuce, ka kuma sani cewa ranar da ka tashi sayarwa sai ka ba shi wa'adi, domin masu saye da yawa ba sa son gida da mutum a ciki. Ka lissafa hayar shekara, ka cire gyara da harajin ƙasa, ka ga abin da ya rage.

Unguwa ma tana da tata magana. An buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, filayen Rigasa, inda tashar jirgin take, suka samu kasuwa. Harin 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin har zuwa Disamba, wanda ya nuna cewa abin da ya ɗaga unguwa yana iya tsayawa dare ɗaya. Titunan da aka yi a shirin sabunta birni daga 2019 sun ɗaga wasu layuka, sun kuma cinye gaban gidajen wasu. Idan ana aikin titi a layinku kuma bai shafi katangarka ba, jira ya fi. Idan kuwa gidan yana bakin Kogin Kaduna, irin wajen Kigo Road da ruwa ke shiga, kowace damina ragin kuɗi ce, jira ba zai ƙara maka komai ba. Amma ka faɗa wa mai saye gaskiya. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma maƙwabta za su gaya masa.

Akwai hanya ta uku da na fi ba mutane shawara a kai, wato jiran gyara takarda. Gidaje da yawa a Tudun Wada, Kawo, Unguwar Dosa da Hayin Banki ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Mai kuɗin gaske ba zai zube miliyoyi a kan wannan ba, ko kuma ya taya da arha. Tun 2015 hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye da ba da satifiket ɗin mallaka a jihar, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mallakar filin da ke da satifiket ba ta komawa hannun wani sai da amincewar gwamna. Ka je ka duba fayil ɗinka, ka biya bashin harajin ƙasa idan akwai, ka tabbata sunanka ne a kai ba na wanda ka saya a hannunsa ba. Watannin da za ka ɓata a wannan sun fi kowane fenti ƙara wa gida kuɗi.

Gidan gado kuwa daban yake. A nan ban cika son jinkiri ba. Yau magada shida ne, in aka bari wasu suka rasu sai 'ya'yansu su shigo, zumunci ya lalace a kotu. A yi ƙima a gaban kowa, a fara yi wa na cikin gida tayi, in babu mai iya saye a fitar kasuwa, marayu da mata su karɓi rabonsu.

In ka yanke shawarar sayarwa, ka sani masu saye da tsabar kuɗi suke zuwa, tunda ruwan bashin banki ya yi tsada, Babban Banki ma ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a Nuwambar 2024. Ciniki zai iya ɗaukar watanni, kuma wanda aka ga yana sauri shi ake yi wa tayin wulaƙanci. Kada ka raba gidan ga dillalai goma, kowa ya ɗora nasa. Ku tsayar da la'ada tun farko, ka sa lauya ya rubuta yarjejeniya, a kuma faɗi ranar cika kuɗi bayan kafin alƙalami da abin da zai faru in an saɓa. Takardun asali su zauna a hannunka har sai bankinka ya tabbatar maka kuɗin sun shiga gaba ɗaya.