Digiri na biyu kan rubutun muhalli da tafiye-tafiye daga gida: malamai nagari, amma an manta da mu 'yan nesa

Tun da na kammala kwas ɗin nan mutane ke tambayata ko ya ci kuɗinsa, ganin cewa na yi shi daga farko har ƙarshe ban bar Haɗeja ba. Digiri na biyu ne a wata jami'a ta Ingila kan rubutun halittu da muhalli da labarin tafiye-tafiye, tsarin masu aiki, shekara biyu, ta intanet. Ba zan kama sunan makarantar ba. Malaman dai sun san aikinsu, wannan babu ja. Amma wanda ya tsara kwas ɗin, a ganina, bai taɓa kawowa a ransa cewa ɗalibi zai iya kasancewa a wajen ƙasarsu ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne taronsu na ido da ido. A takardar talla sun rubuta cewa zuwa ba dole ba ne, kuma duk wanda bai samu zuwa ba za a haɗa shi kai tsaye ta kwamfuta. Abin da ba su faɗa ba shi ne a wannan taron ne editoci da wakilan kamfanonin ɗab'i ke zuwa su zauna da ɗalibai, su ji abin da kowa ke rubutawa. Kuɗin biza da tikitin jirgi sun fi ƙarfina, don haka na yarda da alƙawarinsu. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na sayi data mai yawa, na cika janareta da mai, na roƙi maiɗakina ta tafi da yara gidan Inna don gidan ya yi tsit.

Da aka fara, sai na ga sun ajiye kwamfutar da ke haɗa mu a kan wani teburi can gefe, wurin da ake haɗa shayi. Ƙeyar mutane kawai nake gani da rabin taga. Editar da na fi ɗokin ji ta fara magana ke nan wani ya kunna butar lantarki a gefen kwamfutar, ƙarar tafasar ruwa ta danne muryarta. Na rubuta tambayata a akwatin saƙo, wata ɗaliba daga Indiya ita ma ta rubuta tata, babu wanda ya leƙo. Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce: shin kamfanin ɗab'i a Ingila zai duba littafi kan wata fadama a Arewacin Nijeriya daga marubucin da ke zaune a can, kuma ta wace hanya ake aika musu? Bayan cin abinci suka ɗebi littattafan rubutunsu suka fita bakin kogi yin atisaye, aka bar mu a ɗaki muna kallon kujeru babu kowa, janareta na ta cin mai. Wallahi ranar na ji kamar in ajiye karatun. Na rubuta ƙorafi, aka daɗe kafin a amsa, amsar kuma ban haƙuri ce da wasu takardun jawabi. Da na nemi faifan zaman sai aka ce ba a naɗa ba.

To amma in na tsaya a nan ban yi wa malamar da ta duba aikina adalci ba. Matar nan ta koya mini kallo. Tun a zangon farko ta sa na zaɓi wuri ɗaya in riƙa komawa kowane mako, in zauna in rubuta lokaci, da inda iska ke kaɗowa, da tsuntsun da ya sauka, da wanda ya wuce da abin da yake ɗauke da shi. Na zaɓi gindin wani gawo a bakin fadama. Da na rubuta mata cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gonar gero, sai ta cika gefen shafin da tambayoyi. Wa ke kakkaɓo 'ya'yansa? Awaki ne ke fara zuwa ko shanun Fulani? Yaya ƙasar gindinsa take idan ka damtse ta a hannu? A wata jimla da na jera kalmomin yabo guda uku ta ja layi ta ce in bar ɗaya, in ba mai karatu abin da idona ya gani. Haka take bin rubutu layi-layi, kuma ba ta taɓa neman in mai da garinmu abin mamaki don Turawa su ji daɗi ba.

Wani darasi ma ya ba ni sha'awa ƙwarai. Mun karanta wasiƙun Gilbert White, limamin cocin ƙauyen Selborne, waɗanda aka buga a 1789, mutumin da ake ɗauka uban wannan irin rubutu a Ingila. Ya shafe shekaru yana ɗawainiyar sanin inda tsattsewa ke shiga idan sanyi ya zo, har yana zaton ko wasu ɓuya suke yi su yi barci. Ni kuwa a watannin da suke ɓacewa daga can, tsuntsayen Turai ne cike da fadamar Haɗeja da Nguru, sun keto Sahara sun sauka cikin ɗinya da kirinjijiya da balbela. Da na faɗi haka a aji, an fi rabin sa'a ana yi mini tambayoyi. Ranar na ji cewa zamana a nan ma wani abu ne da na kawo wa ajin.

Babban aikina na ƙarshe a kan kachala na yi shi, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a yankinmu. Malamar ta matsa mini sai na bi asalin matsalar: yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yanayin ambaliyar kogin Haɗeja, ruwan da a da yake zuwa ya janye ya koma kwanciya duk shekara a wasu wurare, kachala ta samu wurin zama, janbaki kuma suka samu mafaka suna sauka kan shinkafar mutane. Ta kuma koya mini ladabin hira da mutane. Kafin in sa maganar wani masunci a rubutu sai na koma na karanta masa da Hausa, na ce, "Baba, haka ka faɗa?" Ya gyara mini wuri guda, sannan ya ce in sa. Wannan horon kaɗai ya isa a biya masa kuɗi.

Sai dai ko a tsakiyar wannan jin daɗin, abin nan na mantuwa da mu yana ta dawowa. A watan Afrilu aka ba mu aikin fita mu rubuta yadda furanni ke buɗewa bayan sanyi. A Haɗeja watan Afrilu tsakiyar bazara ne, ƙasa ta tsage, kowa na jiran ganin shamuwa. Sai da na nemi izini na musamman kafin a bar ni in rubuta abin da ke gabana. Jerin littattafan da aka ba mu ma haka, kusan duk duwatsu da gaɓar tekun Birtaniya ne. Da aka zo kan Afirka ta Yamma, sai ta bakin matafiyan Turai irin su Barth, wanda ya shiga Kano a 1851. Na ce musu ai mu ma mun je ƙasarsu mun rubuta, Abubakar Imam ya rubuta tafiyarsa ta Ingila ta 1943 a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Aka ce abin sha'awa ne, aka wuce. Ga kuma lokacin aji. Da sanyi agogonsu na bayan namu da awa ɗaya, ajin ƙarfe bakwai ya zo mini ƙarfe takwas, lafiya lau. Daga ƙarshen Maris suka tura agogonsu gaba, ajin ya faɗo daidai sallar magariba, kullum sai dai in shigo an yi nisa.

Maganar kuɗi kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Da fam ake biya, kuma na shiga kafin a saki naira a watan Yunin 2023. Kafin in kai kashi na ƙarshe, abin da nake nema a naira ya ninka fiye da sau biyu. Wannan ba laifin makarantar ba ne. Abin da ya ba ni haushi shi ne na biya fiye da wanda ke zaune a can, don ni ɗalibin waje ne, shi ya sha hannu da editoci, ni na kalli kujeru.

Wanda duk zai nema, kada ya biya ko sisi sai an rubuta masa ƙarara yadda ɗalibin nesa zai gana da editoci, da ko ana naɗar zaman, da sunan malamin da zai duba aikinsa. Ni dai rubutuna kan kachala na nan a kammale, malamar ta ce ya isa a nuna wa kamfanin ɗab'i, kuma ita da kanta ta yi alƙawarin haɗa ni da wani wakili bayan hutu. Kuɗin da Yaya ya ranta mini na zangon ƙarshe kuma ina nan ina biya wata-wata.