Saƙo daga Landan kan fayafayan Beatles

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ga bayani kan tsofaffin fayafayan Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, da ka ce in nemo maka.

A nan mai shagon fayafayan garmaho yakan fara da tambaya: mono kake so ko sitiriyo? Sai ya zaro faifan, ya nuna maka inda ya karce, ya ɗora maka ka saurara kafin ka ciro kuɗi. A gida kuwa mai tura waƙoƙi a waya abin da ya samu shi zai zuba maka. Namu ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ba ka sanin ainihin abin da ka saya.

Tambayar tana da dalili. A mono, murya da kayan kiɗa duk hanya ɗaya suke fitowa. Sitiriyo yana raba su hagu da dama. A shekarun 1960 yawancin gidajen Ingila garmaho mai lasifika ɗaya gare su, don haka kan mono mawaƙan suke zama su tace. Faifan Sgt. Pepper na 1967 da su aka haɗa mononsa, na sitiriyo kuma ma'aikatan situdiyo suka gama shi cikin 'yan kwanaki. Har saurin waƙa ya bambanta: "She's Leaving Home" ta fi sauri da ɗagowar murya a mono. A Rubber Soul na 1965 kuwa, sitiriyon ya jibge muryoyi gefe guda, kiɗa gefe guda. In lasifika ɗaya ta mutu, kamar yadda taka ta hagu ke yi, rabin waƙar ya tafi ke nan. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai son kiɗa.

Bugun kamfanin Parlophone na Ingila yana da sauƙin ganewa: lambar da ta fara da PMC mono ne, PCS sitiriyo. Faifan Abbey Road na 1969 kam babu zaɓi, da sitiriyo aka haɗa shi.

Ni dai mono zan sayo maka, ko da ya fi tsada, domin shi ne wanda masu waƙar suka sa kunne a kai, kuma gangarsa ta fi nauyi. Bugun asali mai tsabta kuɗinsa da yawa, don haka ina duba wanda aka sake bugawa a 2014. Ka gaya mini ko allurar garmahonka tana da sauran kai, in haɗo da sabuwa. A gaida Umma.