Gargaɗi ga masu ɗaukar bidiyo a Sakkwato kan jabun katin memori

Ana jan hankalin masu sana'ar ɗaukar bidiyo a cikin garin Sakkwato da kewaye, musamman masu aikin biki da suna da walimar saukar karatu, cewa akwai wani da ke tallar katin memori a WhatsApp da Facebook, kuma kayansa jabu ne. Ba shi da shago, sai an tura masa kuɗi sannan ya aiko da kaya ta hannun ɗan kabu-kabu, farashinsa kuwa bai kai rabin na kasuwa ba. Katunan suna zuwa a kwali mai ɗauke da sunan sanannun kamfanoni, an rubuta musu 128GB ko 256GB, da alamar sauri ta V30, wasu har V90.

Mafi munin ha'incin shi ne na girman katin. Ƙaramin kati ake samu, mai 8GB ko 16GB, a sauya masa bayanin da yake bai wa na'ura, ta yadda kyamara da kwamfuta duk za su nuna 128GB. Saboda haka ranar da aka saya babu abin da zai bayyana, domin idan aka ɗauki bidiyon minti biyu aka kunna, zai buɗe lafiya lau. Sai aiki ya yi nisa, an wuce ainihin abin da katin zai iya ɗauka, sannan sabon hoto ya riƙa hawa kan tsoho, ko kuma ya tafi ba tare da an ajiye shi ko'ina ba. Mai aiki zai koma gida ya tarar da sunan fayil da girmansa suna nan daram, amma ya ƙi buɗewa, alhali an riga an shafa fatiha, jama'a sun watse, kuma babu wanda zai sake tara su domin a maimaita ɗaurin aure. Yi wa irin wannan kati fomatin, wato goge shi gaba ɗaya a sake tsara shi, ba ya gyara komai.

Sai kuma ƙaryar sauri. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali, kamar 170MB/s, yawanci saurin karantawa ne, wato kwashe aiki zuwa kwamfuta, alhali abin da bidiyo ke buƙata shi ne saurin rubutawa wanda ba ya yankewa. Alamar C10 da U1 suna nufin aƙalla megabait 10 a daƙiƙa, U3 da V30 megabait 30, V60 da V90 kuma 60 da 90. Kyamarar da ke ɗaukar bidiyo mai ingancin 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana zuba megabait 12.5 a kowace daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya), shi ya sa irinta ke neman U3 ko V30, kuma idan katin ya kasa sai ta tsayar da ɗauka da kanta ana tsakiyar taro. Buga V30 a jikin roba kuwa ba wani aiki ba ne ga mai jabu.

Akwai abin da ido zai iya kamawa nan take. Katin V60 ko V90 na gaskiya nau'in da ake kira UHS-II ne, yana da layi biyu na ƙarafunan zinare a bayansa, don haka duk katin da aka rubuta wa V90 amma layi ɗaya ne a bayansa, a mayar wa mai shi. Sauran kuwa sai gwaji. Manhajar H2testw a kwamfuta mai Windows, ko F3 a Mac da Linux, tana cika katin gaba ɗaya sannan ta karanto abin da ta rubuta, ta faɗi ainihin girmansa da saurinsa. Babban kati kan ci sa'o'i, amma a ganina bai kamata a je aikin kuɗi da katin da bai tsallake wannan gwaji ba, ko da a shago aka saye shi, kuma a yi sharaɗin mayarwa da mai shagon a karɓi rasit.

Wanda ya riga ya saya daga wannan mutumin ya kwashe abin da ke ciki yanzu, ya daina ɗauka da katin. Ya adana shaidar tura kuɗi da hoton hirarsu, ya sanar da bankinsa, sannan ya kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.