Jar fitilar baƙin mai da garejin da ba a ciniki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu yawan tambayata ko mota na da araha a Jamus, tunda daga nan ake loda ta zuwa Kwatano, amsa ita ce sayenta da sauƙi, riƙonta ne ke tatsar aljihu. Kwanan baya na sayi wata 'yar ƙaramar mota ta hannu mai silinda uku a wajen wani dila a gefen Hamburg. Jikinta tsaf, takardar TÜV ɗinta sabuwa, wato gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara biyu. Wata guda bai cika ba, ina kan babbar hanyar Bremen, na taka wuta zan wuce tirela, sai jar fitilar baƙin mai ta kama. Na saki totur ta ɗauke, na sake takawa ta dawo.

Na gangara gefe na kashe inji. Na zaro geji, baƙin mai cike yake har kan layi. Mai motar agaji ta ADAC da ya zo bai ko yarda ya tayar da ita ba. Ya ce jar fitila ba ƙarancin mai take nunawa ba, ƙarfin da man ke zagaya inji da shi ne ya faɗi, kuma inji na iya yin nokin cikin 'yan mintuna idan aka matsa masa a haka. Ya ɗora ta a bayan motarsa sai gareji.

A nan haushi ya fara. Ranar Asabar da yamma ce, gareji a kulle, Lahadi kuwa ko kantin cefane ba ya buɗewa a ƙasar nan. Litinin na je, wata mata a bayan kwamfuta ta ce sai mako mai zuwa za a samu gurbin duba ta. Dubawa kawai fa! Kuma sai na sa hannu a takarda cewa na yarda zan biya kuɗin awa guda, sama da Yuro ɗari, ko an gyara ko ba a gyara ba. Na gwada 'yar ragayya irin tamu, ta dube ni kamar na yi saɓo. Wallahi a lokacin na yi kewar bakanikena na Kaduna, wanda ko ƙarfe goman dare na kira shi zai hau babur da yaronsa su same ni a titi, ya shige ƙarƙashin mota da tocilan a baki, in babu kuɗi ya ce, "Bari sai ƙarshen wata, Alhaji." A nan ko cikin garejin ba a barin ka shiga ka tsaya a kan motarka, wai saboda inshora.

Amma da ranar ta zo, babban bakaniken, wani dattijo mai tabarau, ya ga na naɗe hannu a bakin ƙofa na ƙi tafiya, sai ya yafito ni. Abin da na gani shi ya sa nake wannan rubutu.

Bai taɓa fanfon baƙin mai ba, bai ce a sayo komai ba. Ya kwance 'yar na'urar da ke kunna fitilar, ya ɗaura wani agogo mai allura da tiyo a ramin. Ya ce sau da yawa na'urar ce ke lalacewa ta riƙa ƙarya, ita kuwa ba ta da tsada, don haka kafin a zargi inji sai an ji gaskiya daga bakin allura. Ya tayar da mota, ya bar ta har ta yi zafi sosai, domin mai sanyi yana da kauri, yana rufa wa inji asiri. A sulo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, allurar ta tsaya inda ya kamata. Ya buɗe littafin kamfani ya nuna mini adadin da ake so a kowane gudu, sannan ya fara ƙara wuta a hankali. Maimakon allura ta ci gaba da hawa, sai ta fara rawa tana komawa ƙasa.

Ya yi mini bayani kamar malamin makaranta. Idan metal ɗin kiranshaf ne ya cinye, wato ƙarfen da babban sandan inji ke juyawa a kansa, ƙarfin mai a sulo yake faɗuwa bayan inji ya yi zafi, saboda man na tsiyayewa ta giɓin da ya buɗe, in ka taka wuta kuma ya ɗan farfaɗo. Idan kuwa a sulo lafiya lau, sai an taka ne yake faɗuwa, to fanfo ne ke neman mai ba ya samu, akwai abin da ya toshe masa hanya. Ya kwance kwanon ƙasan inji, ya haska mini rariyar da fanfo ke tsotso mai ta cikinta. A cushe take da baƙin gari da 'yan zare-zare. Ya lakato da yatsa ya murza a tafin hannuna: roba ce. Ashe irin waɗannan ƙananan injuna na zamani, wasunsu bel ɗin tayimin a cikin baƙin mai yake juyawa, ba a waje ba. In aka zuba masa man da ba nasa ba, ko aka jinkirta sabis, sai ya riƙa marmashewa yana toshe rariya. Ya yanka filta ya ware takardar cikinta yana neman ƙyallin garin ƙarfe. Babu. Alhamdulillahi metal bai taɓu ba.

Yanzu ku gaya mini, da a gida ne me za a yi? Mun san kanmu. Wani zai ce a juye mai a zuba mai kauri, 20W-50, a ƙara gwangwanin tiritimen. Wani zai kara sukundireba a kunne ya ce fanfo ne, a tafi kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa a sayo na hannu. In an canza fitila ba ta mutu ba, sai a cire mata waya a ce "ai sensa ce, motocin Turawa tsirfa gare su." Kunnen bakanikenmu abin girmamawa ne, na sha ganin ya gano abin da kwamfuta ta kasa. To amma me zai hana a haɗa kunnen da agogon nan? Kuɗinsa bai kai na wayar da ke aljihun yaran gareji ba. Mu ma masu mota da namu laifin: man kwalba na bakin titi muke saya don rangwamen 'yan nairori, kuma ba mai rubuta ranar da aka yi sabis. A nan Jamus sai mutum ya yi shekara uku da rabi yana koyo kafin a kira shi bakanike, sannan akwai wata jarrabawar kafin ya buɗe garejin kansa.

Dattijon ya ƙi gyara ta. Ya ce in ya sa hannu na yi asarar haƙƙina, in ɗauki rahotonsa da hotuna in kai wa dila. Dokarsu ta ɗora wa dila alhakin aibin motar hannu na aƙalla shekara guda, kuma tun 2022, aibin da ya bayyana cikin wata 12 ana ɗauka da shi aka sayar da ita, sai in dilan ya kawo hujjar akasin haka. A wajenmu cewa za a yi kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ka je ka ji da kayanka. Kada dai ku ɗauka dilolin nan waliyyai ne. Nawa cewa ya yi tsufa ne kawai, doka ba ta hau kansa ba, kuma ai TÜV ta wuce. Alhali masu gwajin birki da fitilu da hayaƙi da tsatsa suke dubawa, ba sa leƙa cikin inji. Baki bai yi aiki ba sai da na rubuta wasiƙa na ba shi wa'adin mako biyu. Komai a ƙasar nan sai wasiƙa. Daga ƙarshe ya canza bel da rariya da mai a aljihunsa, yana ta cin magani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a filin dilan akwai layin motoci da aka manna wa takarda cewa na fitarwa waje ne kawai. Waɗannan ba garanti a kansu, shi ya sa duk wadda gyaranta ya fi ƙarfin ribarta can ake tura ta. Ka je titin Billstraße da ke Hamburg ka ga 'yan uwanmu na Ghana da Togo da Nijar suna cika su da firji da katifu, a kai tashar jirgin ruwa. Wasu masu lafiya ne garau, wasu kuwa da irin ciwon tawa za su sauka Kwatano.

Saboda haka ƙanena da ke shirin zuwa sayen mota bayan Sallah, da duk mai irin niyyarsa: murɗa makulli tukuna kada ka tayar. Dole jar fitilar baƙin mai ta kama, sannan ta ɗauke da zarar inji ya tashi. In ba ta kama ba tun farko, tambayi wanda ya cire ta. Kada ka yarda da gwajin minti biyar a cikin fili, fita da ita titi ta yi zafi, ka taka ta, ka dawo ka bar ta a sulo. Ka tambaya ko bel ɗinta a cikin mai yake, ka karanta irin man da littafinta ya ce. In mai sayarwa ya hana ka zuwa da bakanikenka, tafi fili na gaba.