WIPO ko kotun Amurka: ina za ka kai wanda ya riga ka rajistar suna?

Wani ya riga ka yin rajistar sunan kamfaninka a matsayin adireshin shafin intanet, ya zauna yana jira ka zo ka saya da tsada. Hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko ita ce tsarin UDRP na warware rikici kan sunayen shafukan intanet, wanda ICANN, hukumar da ke kula da waɗannan sunaye, ta kafa a 1999. Ka kai ƙara WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kare haƙƙin mallakar fasaha, ka biya dala 1,500 idan mutum ɗaya ne zai yi hukunci, cikin kamar wata biyu a gama. Sai ka tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da tambarinka, wanda ya riga ka ba shi da haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da shi. Ta nan mawaƙiya Madonna ta karɓe madonna.com a 2000. Amma fa ko sisi ba za ka samu ba; suna kawai za a miƙa maka, ko a soke shi.

A kotun Amurka kuwa, dokar ACPA, mai hana irin wannan rajista ta mugun nufi, ta ba alƙali damar sa wanda ya riga ka biyan ka diyyar dala 1,000 zuwa 100,000 kan kowane suna. Sai dai akwai kuɗin lauya, ga jeka-ka-dawo na shekaru. In sunan kaɗai nake so, WIPO zan nufa.