Ryzen 5 5600 na ragin farashi a kan tsohon madabod B450, ya ci kuɗinsa kuwa?

Salam jama'a. Wannan bayani na masu kwamfutar tebur ne da suka haɗa abarsu da hannunsu a kan soket AM4, wato mazaunin furosesan kamfanin AMD a jikin madabod, musamman waɗanda har yanzu suke fama da Ryzen 3 2200G ko Ryzen 5 1600 suna tunanin sai sun sayar da komai sun sake sabon haɗi. Ni dai ra'ayina kar ka sayar, furosesa kawai za ka canza, kuma a cikin waɗanda farashinsu ya faɗi Ryzen 5 5600 shi ne wanda zan iya tsaya masa, don shi na saka a tawa a madadin 2200G kuma shi nake aiki da shi kullum.

AMD sun fitar da shi a watan Afrilun 2022 a kan dala 199, to amma da suka koma soket AM5 a ƙarshen wannan shekarar, wanda dole sai da ram DDR5 da sabon madabod, sai kayan AM4 suka fara sauka, har ta kai a lokutan ragi irin na 11 ga Nuwamba (11.11) a shagunan intanet na Sin ana samunsa kusan rabin wancan kuɗin. Nawa irin wanda ake kira tire ne, wato babu kwali babu fanka, furosesan ne kaɗai a cikin wata 'yar roba. Shi ya sa ya fi araha, kuma ka sani garantin da AMD ke ba na kwali bai shafe shi ba, in ya samu matsala kai da mai shagon ne. Wannan shi ne babban abin da ban so ba a cinikin, kuma duk wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba gara ya ƙara kuɗi ya sayi na kwali ko ya je Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja inda za a gwada masa a gabansa.

Me ka samu da kuɗinka? 2200G kor 4 ne tiredi 4, wato yawan ayyukan da yake iya gudanarwa a lokaci ɗaya, kash ɗinsa na L3, wato 'yar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, megabait 4 kacal. Shi kuwa 5600 kor 6 ne tiredi 12, kash megabait 32, yana tashi daga 3.5 zuwa 4.4 GHz, kuma wat 65 ne a rubuce daidai da tsohon, don haka ban taɓa fawa saflai ɗina ba. Wani abu da mutane ba sa lura da shi, 2200G layi 8 na aika bayanai kawai yake ba katin girafik, 5600 yana ba shi 16 cif. A aikace kuwa wallahi bambancin ba sai an nuna maka ba, ina yanka bidiyon biki da na wa'azi, da can in na saka fayil mai nauyi sai hoto ya riƙa tsinkewa murya na gaba hoto na baya, in kuma na tura shi fitarwa to kwamfutar ta gama amfani sai ta kammala, ko burauza ba ka isa ka buɗe ba. Yanzu tana fitar da bidiyo ina wani aikin a gefe. A gem ma, katin nawa bai canza ba, RX 580 ne na hannu, amma wannan 'yar tsayawar da ake ji a GTA V in an shiga cikin gari da mota ta tafi.

To ga inda ake kuka. 5600 ba shi da girafik a cikinsa ko kaɗan. Wanda yake kan 2200G yana jona monita a bayan madabod, in ya saka wannan zai kunna ya ga fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, ya ɗauka an sayar masa da gawa, alhali lafiyarsa ƙalau kati ne babu. In ba ka da katin girafik kuma ba ka da niyyar saye, 5600G za ka nema, shi yana da girafik amma kash ɗinsa 16 ne. Akwai kuma 5500 da masu shago ke yawan turawa mutane suna cewa ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, shi ma kash 16 ne kuma babu girafik, in bambancin kuɗin kaɗan ne ka ɗauki 5600. Shi kuwa 5600X da ya fito a 2020 a kan dala 299, 200 MHz kawai ya fi shi, ban ga dalilin biyan ƙarin ba.

Sai maganar BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, kuma a nan zan daɗe don ita ce ainihin aikin, cire wannan a saka wancan ba komai ba ne. Madabod B450 ya riga Ryzen 5000 fitowa, bai san shi ba sai an sabunta masa BIOS. Asali ma a 2020 AMD sun ce ba za su ba B450 wannan damar ba, mutane suka yi ca a kansu suka janye, daga baya a 2022 har tsofaffin madabod A320 da B350 da X370 aka buɗe wa. Ka fara shiga shafin kamfanin madabod ɗinka ka duba jerin furosesan da yake ɗauka da lambar BIOS ɗin da ake buƙata, ka tabbatar sunan bod ɗin daidai har ƙarshe don akwai masu suna kusan iri ɗaya, ka sauke a filas da aka yi wa fomat FAT32, kuma ka yi sabuntawar tun tsohon furosesa yana ciki. Wasu bod ɗin ba a tsallakawa kai tsaye zuwa na ƙarshe, sai ka fara saka wani na tsakiya, suna rubutawa a wurin, ka karanta. Don Allah kar ka yi wannan aiki a kan wutar NEPA kaɗai. In aka ɗauke wuta BIOS na tsakiyar rubutuwa bod ɗin na iya mutuwa, sai dai in irin mai maɓallin filashin a baya ne ko a kai wa mai gyara ya sake rubuta BIOS ɗin a kan cif ɗinsa da na'ura. Ka jona UPS ko inbata, in ba ka da shi ka ɗauki kwamfutar ka kai inda ake da sola, minti kaɗan ne aikin.

Wajen cirewa, AM4 ƙafafun suna jikin furosesa ne, guda 1331 sirara kamar gashi, kuma tsohon man da ke tsakaninsa da fanka yana bushewa ya kama. In ka finciko fankar sama sai ta taho da furosesan gaba ɗaya alhali sandar soket na kulle, nan ƙafafu ke lanƙwashewa. Ka bar kwamfutar ta yi aiki ta ɗau zafi tukuna, ka kashe ka zare waya, ka kwance sukurori huɗun a hankali, sai ka murɗa fankar hagu da dama har ta saki. Ka kwantar da kes ɗin don farantin da ke bayan bod kan zame in an kwance. Sabon kuwa ka duba ƙafafunsa a haske tun kafin komai, ka daidaita ɗan alamar zinare mai kusurwa uku da ta soket, zai faɗa da kansa, in bai faɗa ba kar ka danna. Goge tsohon mai, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ɗaure sukurori gicciye.

Kunnawar farko takan ɗan jima allo bai kawo ba, ka yi haƙuri. Zai iya nuna maka saƙo cewa ya ga sabon furosesa yana tambaya ko a goge fTPM, wato ma'ajiyar makullan tsaro, to in kana da BitLocker, abin da Windows ke kulle faifai da shi, a kunne ka tabbatar ka dakatar da shi ko ka ajiye makullinsa tun kafin canjin, in ba haka ba faifanka zai kulle. Ka koma BIOS ka kunna XMP, wato saitin gudun ram, don ram ta koma gudunta, ni tawa 3200 ce ta zauna lafiya. Sai ka buɗe manhajar CPU-Z mai nuna bayanan furosesa ka ga sunan da kor da kash sun yi daidai da abin da ka biya. Ban sake saka Windows ba, direban cifset kawai na sabunta. Kuma tunda Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ga wata riba, 2200G da 1600 na farko ba sa cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su, 5600 yana ciki.

Fanka kuwa tsohuwar Wraith Stealth da ta zo da 2200G na ci gaba da ita, irinta ce ma ake sakawa a kwalin 5600. Da sanyi ba ta da laifi, amma a zafin Maris da Afrilu in ana fitar da bidiyo ƙararta na damuna kuma furosesan na rage gudu don kare kansa, ga ƙurar hunturu da ke toshe ta, sai ana hurewa akai-akai. Wanda zai yi aiki mai nauyi a ɗakin da babu AC ya sa kuɗin fanka mai tsayi a lissafinsa tun farko, ya kuma auna faɗin kes ɗinsa kafin ya saya don ba kowane kes take shiga ba.